Azarar da Baba Nomau Bai Ji Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da ba a san rufin kwano ba balle siminti. Ku matso, jama'a. Ku samarin da kuka maƙale can baya wajen takalma, ku ma ku matso, yau ba zaginku na zo yi ba. Na san kun saba. Da an ce za a yi magana a kan gaskiya sai ku sunkuyar da kai, dattawa kuma su gyara zama suna cewa, "Faɗa musu, Malam, yaran yanzu sun lalace." To, yau kowa ya riƙe kansa. Ku saurara.

Sunan wannan bawan Allah Nomau. Magini ne, amma ba irin maginin da ake yi wa kirari ba. Ba shi ke zana ado a fuskar zaure ba, ba shi ke hawa katanga ana jefa masa tubali yana cafewa ba. Aikinsa guda ɗaya ne, sauraro.

Bari in warware muku. A zamanin nan da azara ake rufe ɗaki, wato itacen giginya da aka faskara dogo-dogo. A jera ta a kan bango, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a yaɓe sama, a yaɓe ƙasa. Da an yaɓe shi ke nan, ba mai sake ganinta. Ita kuwa azara iri biyu ce. Akwai wadda ta ƙosa, ko gara tsoronta take, tana kai jikoki. Akwai wadda aka sare giginyar tana ɗanya, waje ƙalau, ciki kuwa laushi kamar totuwa. Ido ba ya raba su, sai kunne.

Saboda haka maginan garin suka gaji wata al'ada. Ba a ɗora azara sai an kira mai sauraro. Ya kara kunnensa a jikinta, ya ƙwanƙwasa da ƙeyar gizago, yadda iyayenmu mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su saya. Mai kyau ta amsa ƙal. Marar kyau ta ce dum. In ta amsa da kyau, sai ya ɗago kai ya ce, "Na ji." Kalma biyu tak. Amma kowa a garin ya san abin da ke cikinsu: na ji da kunnena, na ɗauka a wuyana, in itacen nan ya karye a kan wani, ni za a tambaya duniya da lahira.

Shekara talatin Nomau yana faɗin wannan kalma, kuma ba a taɓa samun azarar da ya ce ya ji ta karye ba. Har aka daina kiransa da sunansa, sai Baba Kunne. Ba shi da gonar kirki, ba shi da jaki. Kunnen nan shi ne gonarsa. Da shi yake ci, da shi yake ciyar da matarsa Kande.

To, akwai Sarkin Magina na garin, ana ce masa Arzika. Mutum ne mai fasali, mai daɗin baki. Rigarsa kullum fes, ba ka ganin ɗigon laka a jikinta. Magini fa na ce muku! Samarin da ke aiki a ƙarƙashinsa ba su da wani buri sai su zama shi. Yadda yake karkata hula haka suke karkatawa, yadda yake tafiya haka suke yi. Ayyuka suka yi masa yawa, yau gini biyar a unguwa biyar, Nomau kuwa mutum ɗaya ne, ga shi da nawa, ga shi cikin azara goma sai ya fitar da biyu ko uku ya ce ba za su hau ba. Wannan ya dame Sarki. Sai ya ɓullo da dabara. Duk ginin da Nomau bai iso ba, sai Sarki ya sa a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a ɗaga masa azara daga nesa, ya kaɗa hannu ya ce, "Na ji, na ji, ku ɗora."

Daga inuwa, jama'a. Daga inuwa yake jin cikin itace.

Samari suna kallo. A ranar nan rufi bai faɗo ba. Shekarar ma bai faɗo ba. Sai suka ce ashe kalmar nan iska ce, ashe tsoho ne kawai ke wahalar da kansa. Kafin ka ce me, "na ji" ta zama abin wasa a bakinsu. Uwa ta aiki ɗanta rijiya, ya ce na ji, ya wuce dandali. In saurayi ya yaudari ɗan'uwansa, sai a ce ya yi masa na-ji, a kwashe da dariya. Dattawa kuwa su taru a dakali da yamma suna tsaki, yaran yanzu ba gaskiya, yaran yanzu ba amana. Kun san wanda ya fi kowa tsaki? Sarkin Magina Arzika.

Jagoran samarin nan wani ne ana ce masa Jatau. Ƙaƙƙarfa ne, hannunsa na da kyau a aiki, amma bakinsa ba ya hutawa. Duk garin ba wanda Jatau bai iya kwaikwayonsa ba. In ya duƙa ya kara kunne a jikin bango ya shaƙe murya ya ce "na ji" irin ta Nomau, sai 'yan'uwansa sun riƙe ciki.

Ana nan ana nan, wata shekara da bazara, zazzaɓi ya kwantar da Nomau kwana goma sha biyu. Allah ya tashe shi, amma bai tashi da kunnensa duka ba. Na dama ya mutu murus. Na hagu ya rage kaɗan, yana jin magana kamar daga cikin rijiya ake yi masa ita. Kande ce ta fara ganewa, ranar da ta kira shi sau uku daga bakin murhu bai waiwayo ba. Ya koma aiki bai gaya wa kowa ba.

Kada ku yi saurin zarginsa. Wane ne a cikinmu zai fita kasuwa da ƙafarsa ya yi shelar cewa abin da yake ci da shi ya ƙare? Kuma in wuri ya yi tsit, in ya matse kunnen hagu sosai, yana ɗan ji. Da haka ya yi ta lallaɓawa 'yan makonni.

A unguwar yamma akwai wata mata, Yalwa mai fura. Shekara da shekaru tana dama fura, tana hana cikinta, don ta gina wa mahaifiyarta ɗakin ƙasa. Tsohuwar, Iya Tasalla, ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, inda aka ajiye ta nan take wuni, a wata bukka mai yoyo. Allah ya cika wa Yalwa burinta, gini ya kai rufi, damina kuma tana bakin ƙofa.

Ranar rufi Nomau ya zo tun da safe, yana ƙwanƙwasawa, samari suna ɗorawa. Da azahar ya tafi salla. Da ya dawo ya tarar har sun rufe kusurwar gabas da zana, ya yaba musu sauri a ransa. Da la'asar saura azara ɗaya, ta tsakiya, babbar, wadda nauyin rufi ya fi hawa kanta. Sai ga hadari ya taso. Iska ta fara kaɗawa, zana tana fal-fal, samari suna ihu a yi sauri. Nomau ya duƙa, ya kara kunnen hagu, ya ƙwanƙwasa.

Bai ji komai ba.

Ya sake ƙwanƙwasawa. Ba ƙal, ba dum, sai iska. Ya sake na uku. Jatau yana kan katanga ya leƙo ya ce, "Baba Kunne, ko kunnen ya tafi kiwo ne bai dawo ba?"

Nomau bai ji abin da aka ce ba, amma da ya ɗaga ido ya ga haƙora. Samari goma, duk baki a buɗe, suna dubansa. Ya ce a ransa sun gane, yau asirina ya tonu a gaban yaran da na girmi iyayensu. Kunya ta rufe shi, tsoro ya rufe shi. Sai ya ji bakinsa ya motsa.

Ya ce, "Na ji."

Aka ɗora, aka rufe, aka zuba ƙasa. Hadarin kuwa ya watse, ko ɗigo bai zubar ba.

Ku saurara da kyau, a nan labarin yake. Shekara talatin na gaskiya, ƙarya guda ɗaya, kuma ba wanda ya sani. Da ni ne, da kai ne, wataƙila da mun ce Allah mai gafara ne, mu ja bargo. Nomau kuwa tuwo ya ƙi wuce masa. In ya tayar da salla, azarar nan ce a gabansa. A rana ta uku Kande ta gaji. Da yamma ta ajiye masa akushi ta ga bai taɓa ba, ta zauna a gefensa na hagu. Ya gaya mata komai. Ga shi sirri ne, ga shi dole ta ɗaga murya kafin ya ji, sai ta manna bakinta a kunnensa tana waige-waige.

Ta ce, "Malam, in ka faɗa, me za mu ci? Wa zai kira kurma ya saurari itace? Ka dube mu, ba ɗa namiji, ba gona."

Ya ce, "Na duba."

Ta ce, "Kuma wataƙila lafiyarta lau. Wataƙila ta fi duk sauran ƙarfi."

Ya ce, "Wataƙila. Amma ai ba wataƙila na ce musu ba. Na ji na ce."

Ta ɗauke akushin ta shiga ɗaki, ya ga kafaɗunta suna rawa, ya san kuka take.

Kashegari Yalwa ta aiko a kira shi ya zo ya sa albarka, an shigar da tsohuwa sabon ɗakinta. Ya je. Ya tarar da Iya Tasalla kwance a gadon kara, tana kallon rufi tana murmushi. Ta yafito shi. Ya durƙusa ya miƙa mata kunnen hagu.

Ta ce, "Malam Nomau, shekara bakwai ina kwana da ƙwarya a gefena ina tarar ruwa. Da za a shigo da ni na ce wa Yalwa, ni fa ina tsoron ƙasa a kaina, in ta taho ba ni da ƙafar gudu. Ta ce, Iya, Baba Kunne ne ya ji azarar. Na ce to, tunda shi ya ji, barci zan yi har da minshari. Allah ya yi maka albarka."

Wannan kam ya ji. Ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce masa ba.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan Sarkin Magina. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kunnena ya tafi. Azarar tsakiya ta ɗakin Yalwa ban ji ta ba, na ce na ji. Na zo a ba ni izini a fasa a duba."

Sarki ya dube shi, ya dubi ƙofa, ya matso. Ya ce, "Nomau, kana da hankali kuwa? Ka san rufi nawa aka ce na ji a garin nan? In ka fasa ɗaya yau, gobe kowa ya ce a fasa nasa. Ni ba mugu ba ne. Ka ci gaba da zuwa, ka kara kunnenka, ka faɗi kalmarka, ka karɓi ladanka. Wa ya sani? Wannan da ka gaya mini yanzu ma, ni ban ji ba."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwar ba ta da ƙafa."

Sarki ya ce, "Yaɓe ya riga ya rufe."

Ya ce, "Ya rufe wa mutane, ranka ya daɗe. Ban san irin yaɓen da zai rufe wa Allah ba."

Fuskar Sarki ta canja. Ya ce, "To, buɗe kunnen da ya rage maka. In ka taɓa rufin nan, ba ka sake taɓa azara a garin nan muddin ina numfashi."

Nomau ya yi godiya ya fito. Tsoro yake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ya san abin da Sarki ya faɗa zai aikata.

Da gari ya waye ya fito tsakar gida ya ɗauki dagi, yana tunanin inda zai sami tsani. Sai ya ga tsani a jingine da bango. Kande ce ta aro a maƙwabta tun bayan asuba. Idanunta a kumbure. Ta dai kama ƙarshen tsanin, ya kama ɗaya ƙarshen, suka fita.

Da hantsi suka isa, masu shan fura sun cika ƙofar gidan. Kun san wanda ba ya ji, ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Nomau ya tsaya ya ce, har na bayan layi suna ji, "Yalwa, na yi miki ƙarya. Kunnena ya mutu. Azarar tsakiya ban ji ta ba. Ki fito da Iya, zan fasa in duba, kuma da hannuna zan mayar."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Yalwa. Kada ku zaci godiya ta yi masa. Ta ce, "Baba, ka san shekara nawa na yi ina tara kuɗin ɗakin nan? Damina ta zo! Ka fasa mini rufi, ruwa ya sauko, ina zan kai ta? Haba Baba, haba Baba!" Tana faɗa tana kuka. Nomau ya sunkuyar da kai. Da ta gaji, ta shiga ta goyo uwarta ta ajiye ta a inuwar wata bishiya a ƙofar gida.

Tsoho ya hau. Dagi yana sauka, ƙasa tana tashi. Labari ya zaga gari, Baba Kunne ya kurumce, Baba Kunne ya haukace. Samari suka baro aiki suka zo kallo. Sarkin Magina ma ya zo ya tsaya nesa kaɗan, kada ƙura ta taɓa rigarsa. Ba wanda ya kama wa Nomau. Sai da rana ta take, tafin hannunsa ya farfashe, sannan bayan azarar ya bayyana.

To, ga azara. Wa zai ji ta?

Nomau ya leƙo ƙasa yana duba fuskoki, ya ce, "Jatau, ɗana, zo ka ara mini kunnenka."

Jatau ya haura tsani yana kashe wa abokansa ido, ya ga abin wasa ya samu. Ya duƙa zai fara kwaikwayonsa, tsoho ya dafa ƙeyarsa. Ya ce, "Ba nan ba, nan. Matse kunnen. Riƙe numfashinka. Kada ka ji abin da kake so ka ji, ka ji abin da itacen ya ce." Ya miƙa masa gizago. Jama'a suka yi tsit. Jatau ya ƙwanƙwasa.

Ƙal!

Har waɗanda ke ƙasa sun ji. Azara lafiyarta lau, babu irinta a duk ɗakin. Wuri ya ɓarke da dariya. Wani ya ce tsoho ya fasa rufi a banza, wani ya ce ai tukunyar tuwonsa ya fasa. Sarkin Magina ya buɗe hannu ya ce, "Kun dai gani."

Nomau bai ji ko ɗaya ba. Bakin Jatau kawai yake kallo. Ya ce, "Me ta ce? In ka ji, faɗi kalmar."

Jatau ya buɗe baki. Kalmar da ya faɗa sau dubu yana dariya, yau ta yi masa nauyi. Ya dubi hannun tsohon, jini da ƙasa sun cakuɗe. Mutumin nan ya zubar da abincinsa, ya zubar da sunansa, a gaban gari, saboda kalma biyu da ba wanda ya san bai cika su ba. Ya leƙa ƙasa ya hango tsohuwa a inuwa, ƙafafunta a miƙe kamar ba nata ba.

Ya ce, "Na ji, Baba." Sannan ya sassauta murya ya ce, "Amma akwai waɗanda ban ji ba."

Nomau ya ce, "Me ka ce?"

Jatau ya maimaita a hankali.

Nomau ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Ɗaga murya, ɗana, ka san halin da nake ciki."

Allahu Akbar. Ku dubi ikon Allah. Yaron nan so yake ya raɗa, Allah ya haɗa shi da wanda ba ya jin raɗa. Ya rage nasa, ko ya haɗiye maganar, ko ya faɗe ta gari ya ji. Jatau ya miƙe tsaye a kan rufin, ya ɗaga murya.

Ya ce, "Na ce akwai guda biyu a kusurwar gabas! Ranar da ka tafi sallar azahar azara ta gaza mana, muka ɗauko biyu cikin waɗanda ka taɓa fitarwa! Na kwaikwayi muryarka na ce na ji, muka yi dariya, muka rufe! Ba wanda ya sa ni. Ni na faɗa."

Dariya ta ɗauke. Wani dattijo daga ƙasa ya ce, "Kai yaro, a ina ka koyi wannan mugun hali?" Sai samarin da ke tsaye, ɗaya bayan ɗaya, suka juya suna kallon farar rigar nan da ba ta da ɗigon laka.

Jatau ya karɓi dagi daga hannun tsoho ya nufi kusurwar gabas. Bai sara sau goma ba, rufin ya lotsa, itacen ya ce ɓas, ƙasa mai nauyin jaki biyu ta rufta ciki. Da ƙura ta lafa aka leƙa. A kan gadon Iya Tasalla ta sauka, daidai inda take sa kanta. Wannan fa busasshiyar ƙasa ce, ba ta sha ruwan damina ba tukuna. Aka ɗauko guntun azarar, mutum ya sa babban yatsa ya nutse. Wuri ya ɗauki salati. Yalwa ta zube zaune a ƙasa, ta kasa ko kuka.

Ba wanda ya kira samarin nan. Da kansu suka tuɓe riguna, wannan ya tafi ɗebo ruwa, wannan ya shiga kwaɓa ƙasa, waɗansu suka tafi neman azara. Kowace aka kawo Jatau ne ke kara kunne, Nomau ya ɗora tafin hannunsa a kan itacen yana jin motsinsa. Kwana biyu suka rufe ɗakin. A na uku ruwan farko ya sauka, Iya Tasalla ta yi barcinta.

Yanzu kuna jira in ce Nomau ya tono tukunyar zinariya, ko an naɗa shi sarauta. A'a. Sarkin Magina ya cika alkawarinsa, Nomau bai sake karɓar ladan sauraro ba. Tubali ya koma yi, shi da Kande, har ƙarfinsa ya ƙare. Sun sha wuya, amma ba su kwana da yunwa ba, don ƙwaryar fura ba ta taɓa fashin zuwa daga gidan Yalwa ba, kuma Jatau ya ɗauke shi uba. Abin da Allah ya ba shi ya fi zinariya. Da rani ya zagayo, samarin nan suka riƙa zuwa da ƙafarsu, wannan ya ce akwai wani rufi a unguwa kaza, wancan ya ce ni ma akwai wanda na sani. Rufi bakwai aka fasa aka gyara a shekarar. Mutanen gari suka daina yarda a ɗora musu azara sai Jatau ya ji. Kalmar da ta zama abin wasa ta dawo da nauyinta, har uwa in ta aiki ɗanta ya ce na ji, sai ta ɗora tukunya, ta san ruwa na zuwa.

Shi kuwa Sarkin Magina, ko ya tuba ko bai tuba ba, ba a gaya mini ba. Ni kuma ba zan ce na ji abin da ban ji ba.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Yaranmu ba kunne suka rasa ba. Kunnensu garau yake, mu suke saurare. Kai da aka yi sallama da kai ka ce wa ɗanka, je ka ce ba na nan, ka zauna a inuwa ke nan ka ce na ji. Kai da ka bi dare ka bi rana don a buɗe wa 'yarka amsar jarrabawa, gobe ta zama mai ba da magani a asibiti, wa kake zaton zai kwanta a ƙarƙashin wannan rufin? Maigidan gareji da ya wanke tsohon ƙarfe ya ce wa mai mota sabo ne, yaransa goma suna tsaye suna kallo, da yamma kuma shi ne a dakali yana tsakin yaran yanzu. Mu ji tsoron Allah. Shekara nawa dattawan garin nan suka yi suna faɗa, ko saurayi ɗaya bai gyaru ba. Rana ɗaya tsoho ɗaya ya hau tsani ya ce na yi ƙarya, samari goma suka gyaru. Kuma ku lura, ba don bai taɓa kuskure ba suka bi shi. Don ya ɗauki kuskurensa a ka, a gabansu, ya biya da abin da yake ci.

Ku kuma samari, kada ku yi murmushi, ban sallame ku ba. Jatau yana da wanda zai nuna da yatsa, bai nuna ba. Cewa ya yi, ni na faɗa. Lalacewar na gaba ba za ta zame muku hujja ba ranar da za a ɗaye yaɓe. Ni ban fid da rai da ku ba ko kaɗan. Na san a cikin sahun nan na baya akwai Jatau fiye da ɗaya, jira kawai yake ya ga wanda zai fara hawa tsani.

Kowannenmu yana da wata azara da ya rufe. Ka san taka, na san tawa. Tun ruwa bai sauko ba, a je a duba. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kanmu take, ya shirya mu, ya shirya mana zuriya, ya sa mu zama abin koyi na alheri.

Kun ji?

A'a, ku dakata. Kada kowa ya amsa mini a nan. Ku je gida, kowa ya ƙwanƙwasa tasa tukuna.